Neman Gurbin Birenbos a Tsohuwar Fijo

Duk wanda ya taɓa ɗaga bonet ɗin Peugeot 504, wato Fijon da muka tashi muka gani, ya san irin yalwar da ke ciki. Inji a kishingiɗe gefe guda, batir a kusurwarsa, lagireto a gaba, saura duk fili, har kana hango ƙasa ta tsakanin inji da jikin mota. Bakanike kan zura hannu har kafaɗa ya kamo abin da yake nema bai kwance komai ba. Amma duk da wannan yalwa, a 'yan shekarun nan an rasa inda za a ajiye wani ɗan akwatin alminiyam da bai wuce tafin hannu biyu ba. Makanikai na ce masa birenbos, wasu kuma ƙwaƙwalwar mota. Ana muhawarar inda za a ɗaura shi a garejin Kanya Babba, ana yin ta a Babura da Kazaure, kuma kusan ko'ina kamarta ɗaya. An sauke tsohon inji mai kafireta, an ɗora ɗan Kwatano mai nozul, an yi waldar kujerun inji, giya ta shiga, komai ya zauna, sai akwatin nan kaɗai yana reto a jikin wayoyinsa, mutane sun kewaye shi kowa da inda yake nunawa.

Waɗanda suka ƙera motar ba su bar masa wuri ba, don a zamaninsu ba ta buƙatarsa. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da sallamarta a ƙasar da aka haife ta. Waɗanda suka cika hanyoyinmu masu kafireta ne. Ita ce motar ofis, ita ce motar hakimi da alƙali, ita ce wadda malamin makaranta ke burin saye in ya samu bashin mota. Ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka yanke Jigawa daga Kano, har lokacin ita ce sarauniyar hanya. In ta tsufa a hannun gwamnati sai ta faɗo tasha, wagon ta ɗauki fasinja, a-kori-kura ta ɗauki gero da riɗi da zoɓo da awaki.

A wancan zamani kawuna wagon gare shi. Yana lodin Kano ta hanyar Kunya, ranar Lahadi ya yi Dambatta, ranar Alhamis ya yi Maigatari. Kayan gyaransa duka a cikin tsumma guda suke naɗe ƙarƙashin kujera: sukundireba, filaya, 'yan sifanu, fulogi na ko-ta-kwana, da guntun samfefa. Da waɗannan yake fita, da su yake dawowa. In mota ta fara shaƙewa a hanya, ya san ɗayan biyu ne, ko mai ko wuta. In mai ne, ya kwance jet ɗin kafireta, ya hura shi da baki, ya ɗaga shi sama ya ga haske ya ratsa, ya mayar. In wuta ce, ya buɗe hular distiributa, ya goge bakin kontak da samfefa, ya gyara tazararsa da ido. In batir ya yi sanyi, fasinjoji su sauko su tura, a saka giya ta biyu, a saki kuloci, ta tashi. Ba direba kaɗai ya san waɗannan ba. Yaron mota ya sani, ɗan kamasho ya sani, har fasinjan da ya saba bin hanyar yakan ce, "Direba, duba kontak." Ilimin motar a bainar jama'a yake, kowa ya tsinta gwargwadon zamansa kusa da ita.

Makanikan wancan lokaci kuwa da kunne suke aiki. Oga zai sa a tayar da inji, ya karkatar da kai, ya murɗa ɗan sukurun iska kaɗan-kaɗan har muryar injin ta daidaita. Ya zare fulogi ya dubi launinsa: in baƙi ne mai ya yi yawa, in fari fat ne mai ya yi kaɗan, in ruwan ƙasa ne to an dace. Ya tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. Wannan ilimi ne na gaske, an biya kuɗinsa da shekarun ƙuruciya a ƙarƙashin mota, kuma ina ganin girmansa har gobe.

Sai dai kada kewar da ta sa mu manta da sauran labarin. Motocin nan suna shan mai. Da asubar hunturu sai an ja cok an yi ta fama, wani lokaci har a tsiyaya fetur a bakin kafireta, kuma motoci sun sha kamawa da wuta ta wannan hanya. Hayaƙinsu yakan sa ido ruwa a tasha. Abin da ya rufe wannan aibi shi ne arahar mai. A farkon shekarun 1980 kobo 20 ake sayar da lita. A 1994 ta koma naira 11, a 1999 naira 20, bayan zanga-zangar Janairun 2012 ta tsaya a naira 97, a 2016 ta kai 145. Kowane ƙari an yi kuka, amma direba yana iya ƙara kuɗin mota kaɗan ya ci gaba da rayuwa da kafiretarsa.

A can inda ake ƙera motocin tuni an kama wata hanya. Dokokin rage hayaƙi, waɗanda suka fara tsananta a Amurka, su suka tilasta wa kamfanoni neman abin da zai auna mai fiye da yadda kafireta ke iyawa. A 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da na'urar lantarki mai sarrafa feshin mai, aka fara sa ta a wata Volkswagen. A 1979 ya haɗa sarrafa mai da sarrafa wuta a akwati ɗaya. Kafin tsakiyar shekarun 1990 kafireta ta ɓace daga sababbin motocin Turai da Amurka, kuma daga 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota soket iri ɗaya da za a jona na'ura a tambaye ta ciwonta. Aikin akwatin ba asiri ba ne. Akwai 'yan na'urori a jikin inji da ke kai masa rahoto: wannan ta ce ga saurin juyawar inji, wannan ta ce ga yawan iskar da ta shiga, wannan ga zafin ruwa, wannan ga yadda direba ya taka totur, ta cikin salansa kuma ta ce ga yadda man ya ƙone. Shi kuma ya yanke tsawon lokacin da kowane nozul zai buɗe da daidai lokacin da fulogi zai ba da wuta, yana neman kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi. Abin da Oga ke yi da kunne sau ɗaya ranar sabis, shi yana yin sa sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Haɗuwarmu ta farko da shi ba ta yi daɗi ba. Bayan darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai 'yan Kwatano suka cika gari: Golf, Marsandi, Honda, Toyota. Da yawansu sun zo da akwatin nan. In ɗayarsu ta ƙi tashi, Oga ya saurara da kunne bai ji komai ba, ya nemi kontak babu, ya nemi jet babu, hukunci ɗaya ne: "A mai da ita kafireta." A yanke wayoyi, a cire nozul, a nemo kafiretar wata mota a ɗaura, akwatin kuma ya tafi wurin 'yan gwangwan. Ba na zargin waɗanda suka yi haka. Babu na'urar bincike, babu littafin motar, babu wanda ya koya musu. Fetur ɗinmu har farkon shekarun 2000 yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana kashe na'urar da ke cikin salansa. Ga man 'yan bumburutu da ake surkawa da kananzir. Mutum yana da iyali, motarsa na kwance, wanda ya tayar masa da ita ta kowace hanya ya taimake shi. Amma mun yi asara a nan, domin shekarun da ya kamata garejinmu su yi suna sabawa da akwatin, sun yi su ne suna cire shi.

Wasu al'adun wancan lokaci ma har yanzu suna nan. Mota na shigowa daga Kwatano sai a cire mata tamostat, a jona fanka kai tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Abin da ke biyo baya shi ne inji ba ya kai zafin da aka tsara masa, akwatin yana ta samun rahoton cewa inji da sauran sanyi, shi kuwa yana ta ƙara mai kamar yadda ake jan cok da asuba. Sai mai mota ya ce motar kwamfuta ma shan mai take yi.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye naira 1,000. Lissafin kowane direba ya rushe. Wanda zai kai buhunan riɗi Dawanau ya dawo, sai ya tarar mai ya cinye abin da zai kai gida. Sayen wata motar kuma ya zama mafarki: tun Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, naira ta ƙara faɗuwa, kuɗin kwastan ya hau. Sai mutane suka sake duban tsohuwar da ke ƙofar gida. Jikinta da ƙwari, tana da tsayi daga ƙasa, da tayoyin baya take ja, ta san rairayin ƙauyukan Babura da tsakuwar Roni da Gwiwa. Injin ne kawai ya gaji, kayansa na asali kuma sun yi wuya, jabu sun cika kasuwa. Shi ke nan aka juya. Akwatin da aka jefar jiya, yau shi ake zuwa Kofar Ruwa a Kano ana nema da kuɗi, tare da injinsa da wayoyinsa.

A Turai da Amurka ma ana sa wa tsofaffin motoci kwamfuta, amma mafi yawa don sha'awa, kuma babbar damuwarsu ita ce yadda za su ɓoye akwatin kada ya ɓata wa motar kamarta ta asali. Mu mun fi kama da mutanen Kuba, waɗanda suka riƙe motocin Amurka na shekarun 1950 suna sauya musu inji saboda takunkumi ya hana su samun wasu. Mai a-kori-kura a Kanya ba ado yake nema ba. So yake ya je kasuwa ya dawo da saura a aljihu.

To, ina za a ɗaura shi?

Wuri mafi sauƙi shi ne cikin ɗakin inji, kusa da batir. Wayoyi sun kai ba sai an huda komai ba, a ɗaure da waya ko robar tayar keke, a rufe bonet, a karɓi kuɗi. Nan ne kuma ya fi saurin mutuwa. A watan Afrilu da Mayu zafin garinmu kan wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet, kusa da bakin salansa da ke kai ɗaruruwan digiri in mota ta ɗauki lodi. Turirin ruwan batir yana cin ƙafafun soket. Wayoyin fulogi da koyil da altaneta suna watsa tartsatsin da ke rikita ƙananan saƙonnin da akwatin ke karɓa, sai mota ta riƙa fizga ba a san dalili ba. Ranar da aka kai ta wanki kuma yaro ya saita mata tiyo a kan inji, an gama. Gaskiya ne akwai motocin da kamfani da kansa ya sa akwatin a ɗakin inji, kamar Fijo 406, amma irin waɗannan an like su da gam, an yi musu gida na musamman. Wanda aka ciro daga ƙarƙashin dashbod ɗin Toyota ba a yi shi don ya ga ruwa ba. Tambayar farko ke nan da ya kamata ɗan riwaya ya yi wa kansa: wannan akwati, a motar da ya fito, a ina yake zaune?

Wasu kan kwaikwayi Golf, su nemi lungun da ke ƙarƙashin gilashin gaba, wajen injin waifa. A ƙasar da ake share tituna wannan lungu yana tsiyaye ruwansa. A nan kuwa rairayin hunturu da ƙaiƙayi da ganyen darbejiya suna toshe 'yan ramukan tsiyayar tun kafin bazara, ruwan Agusta ya zo ya kwanta a ciki. Masu Golf da yawa sun san wannan ciwo. Wasu kuma su kwaikwayi tsofaffin Honda, su kwantar da shi a ƙasa, inda fasinjan gaba ke ajiye ƙafa. Wanda ya tsara haka bai san mutum biyu ke zama a kujerar gaba ba, da jarka, da ƙullin kaya, da ruwan leda da ke fashewa. Bai san ƙasan tsohuwar Fijo ya sha tsatsa da faci ba, bai kuma ga yadda motoci suka riƙa ratsa ruwa a Jigawa a daminar 2022 ba. Ƙarƙashin kujera kuwa gidan ƙura ne, kuma motar da ke ɗaukar hatsi ba ta rabuwa da ɓera. Ɓera na son robar waya.

Na taɓa zama a wani gareji ana irin wannan aiki a kan wata a-kori-kura. Mai garejin dattijo ne da ya yi zamani da Fijo tun tana sabuwa. Wanda ya zo haɗa wayoyin kuwa matashi ne, sa'an jikansa, ya yi koyo a Kano, yana da 'yar na'ura da yake jonawa da wayar hannunsa. Yaron ya nuna wani wuri a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da fasinja, ta ciki, can ƙasa-ƙasa inda wayoyin suka kai ba wahala.

Dattijon ya girgiza kai. "Ɗana, me akwatin nan naka ba ya so?"

"Baba, ba ya son ruwa, ba ya son zafi, ba ya son girgiza."

"To ɗaga shi daga nan. Duk Fijon da ta kai shekarun wannan, ta gefen gilashin nan take yoyo, ruwan kuma nan yake bi ya sauka. Bayan wurin kuma salansa ce. Sa hannunka in an yi tafiya ka ji."

Ya sa aka kwance aljihun dashbod, ya nuna wani wuri a sama, bayansa. Yaron ya auna ya ce, "Baba, nan ya yi, amma sai an juya shi bakinsa ya dubi ƙasa, kuma kada a matse shi da ƙarfe tsagwaronsa." Dattijon ya yanko falle, ya lanƙwasa, ya huda, ya yanka tsohon tiyo ya yi wa kowane noti matashi na roba. Kafin a kunna walda yaron ya zare soket ɗin gaba ɗaya ya cire kan batir. Dattijon bai ce komai ba, amma na ga ya lura.

A nawa ganin wurin da suka zaɓa shi ne daidai ga yawancin motocinmu: cikin ɗakin fasinja, a sama, bayan aljihun dashbod, inda ƙafa ba ta kai, ruwa ba ya taruwa, rana ba ta duka. A yi masa mazauni na ƙarfe da noti, da roba a tsakani saboda gargadar hanya. Bakin soket ya dubi ƙasa, wayoyin kuma su ɗan sauko ƙasa da shi kafin su hau, don in raɓa ko yoyo ya biyo waya ya ɗige a hanya. Ramin da aka huda don wayoyi su ratsa bango a sa masa zoben roba, domin bakin ƙarfe yana yanka waya a hankali, kuma ranar da ya kai ga tagullar wuta ce za ta tashi. Wayar da ke mayar da wuta a ɗaure ta a jikin inji, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa, kada a rataya ta a ruɓaɓɓen bodi. A ba shi fis nasa da rile nasa. In wayoyi sun gaza, a ƙara su da dalma a rufe da kyau, kada a murɗa da hannu a naɗe da salatif. Sannan a bar shi ya sha iska. Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, suna naɗe akwatin da leda da soso don kare shi daga ruwa da ƙura, alhali jikin alminiyam ɗin nan ta nan yake fitar da zafinsa. Kamar ka sa wa mutum rigar leda ne a tsakiyar bazara ka ce kana kare shi daga ruwan sama.

Samun wuri kuma ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin hannayen da za su ci gaba da taɓa motar da tsohuwar tarbiyya suka saba. A da, in ana so a san ko altaneta na caji, sai a cire kan batir inji na aiki. In bai mutu ba, to tana yi. A motar kafireta wannan ba ya cika ɓata komai. A motar akwati kuwa wutar kan yi tsalle ta ƙona shi nan take. Haka ƙyasta waya a jikin bodi don a ga ko da wuta, haka walda ba a zare soket ba, haka jona batir a juye cikin duhu. Famfon mai ma ya sauya: na kafireta turawa yake a hankali, na nozul kuwa ƙarfinsa ya ninka wancan kusan sau goma, don haka tsohon tiyo da ɗaurin waya ba za su riƙe shi ba, kuma fetur da ke feshi a kan inji mai zafi kowa ya san ƙarshensa. Akwai kuma injinan da akwatinsu ba ya yarda ya ba da wuta sai ya gane 'yar ƙwayar lantarkin da ke cikin makullinsa na asali. Wanda ya sayo inji da akwati ya baro makulli a kasuwa, zai dawo gida da ƙarfe mai kyau da ba ya tashi.

Dole a faɗi abin da aka rasa. Direban da a da yake tayar da motarsa a dajin da ke tsakanin Kanya da Babura da guntun samfefa, yau in akwati ya mutu sai dai ya nemi mai ja. Gyaran da ake gamawa a gindin bishiya ya koma tafiya Kano, da kuɗin mota, da kwana, da ranakun kasuwar da suka wuce. Ilimin da yake a bakin kowa a tasha ya koma hannun mutum ɗaya ko biyu a gari, in sun yi tafiya sai a jira. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, wanda ba a cika faɗa ba: dattijon da ya yaye makanikai masu yawa, yau yana tsaye a garejinsa yana jiran yaro ya karanta masa abin da ke damun mota. Wasu sun karɓi wannan da haƙuri, wasu sun bar sana'ar. Amma ban yarda da masu cewa iliminsu ya ƙare ba. Na'ura tana faɗin inda saƙo ya yanke, ba ta faɗin ta inda Fijo ke yoyo, ko wane sashe na bodi ke tsagewa in an yi lodin wake, ko wane lungu ɓera ke bi. Yaron da ya raina wannan, akwatinsa ba zai ga damina biyu ba.

Abin da aka samu shi ma a bayyane yake. Mota na tashi da bugu ɗaya da asubar hunturu. Hayaƙi ya ragu. Man da ake ƙonawa a banza yana zama a tanki. Motar da da tuni 'yan gwangwan sun yanka ta, tana nan tana ciyar da gida.

Kuma maganar ba za ta tsaya a akwati ɗaya ba. Tun 2023 gwamnatin tarayya ke tura shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas, kuma a motar nozul wannan tsari yakan zo da tukunyarsa da nasa ƙaramin akwatin, wanda shi ma sai an nema masa wuri. Yaron da ke wanke sifana a gareji yau, da waɗannan zai yi rayuwarsa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ilimin yana kusa da mu. Kazaure na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu. A 2021 an kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, nan bakin ƙofarmu. Yaran gareji ba za su shiga ajin digiri ba, yawancinsu ba su da takardar da za ta kai su. Amma ba abin da zai hana a shirya musu gajeren horo na yamma ko na ƙarshen mako, da Hausa, a kan inji na gaske da aka ɗora a kan tebur: ga yadda ake auna wuta da mita, ga yadda ake karanta taswirar wayoyi, ga abin da ke ƙona akwati. A gayyaci dattawan makanikai su zauna a ciki a matsayin masu koyarwa da masu koyo gaba ɗaya. Ƙungiyar makanikai ta kowane gari kuma tana iya haɗa kuɗi ta sayi na'urar bincike guda mai kyau ta zama ta kowa, kamar yadda aka saba aron jek da abin ɗaga inji tsakanin gareji da gareji. Ina roƙon shugabannin waɗannan makarantu da na ƙananan hukumomin Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa su dubi wannan.

Kai kuma mai mota, ranar da aka ce aikinka ya kammala, kada ka tsaya a jin muryar inji. Ka ce a nuna maka inda aka ɗaura akwatin. Ka sa hannu ka girgiza shi, ka dubi inda bakinsa ya fuskanta, ka bi wayoyinsa har inda suka ratsa ƙarfe, ka tambayi ina fis ɗinsa yake. In ka same shi a naɗe cikin leda yana reto kusa da salansa, kada ka fitar da motar daga garejin sai an sake masa wuri.